Rabe-raben Masu Sayayya a Kasuwar Intanet

Masu sayen kaya a Jiji da Facebook da Instagram sun kasu kashi-kashi, kuma ma'aunin da ya fi dacewa a rarrabe su da shi shi ne ƙofar da kowannensu yake buɗe wa ɗan damfara, wanda ake yi wa laƙabi da 419 saboda sashen dokar laifuffuka ta Nijeriya da ya yi magana a kan cin dukiya ta hanyar yaudara.

Na farko shi ne Makwaɗaicin Araha, wanda ya san kuɗin waya a kasuwar Farm Centre ta Kano sarai, amma da zarar ya ga an tallata ta a rabin kuɗi, da bayanin cewa mai ita tafiyar gaggawa ce ta kama shi, sai ya ɗauka Allah ne ya kashe ya ba shi. Yakan tura kafin alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa don a ajiye wa mutum kaya, ya bi da kuɗin mota, ya ƙara da na direban da aka ce an tsare shi a hanya, har ranar da lambar za ta daina shiga. Alhali Jiji, da yake dandalin talla ne kawai, da kansa yake gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya.

Sai Hajiyar Hoto, wadda takan sayi leshi da ido, ta kuma ji nauyin neman a nuna mata shi ta kiran bidiyo, domin mai tallar ta kira ta Hajjaju sau uku, shafinta kuma cike yake da addu'o'i. Abin da yakan iso daga tasha cikin baƙar leda yadi huɗu ne maimakon biyar, launinsa kuwa ko a dangi bai haɗu da na hoton ba.

Mai Ladabi ba ya buƙatar dogon bayani: an kira shi da sunan banki, an nemi lambar sirrin nan ta wucin gadi da aka turo masa, wadda banki ba ya tambaya, ya karanto ta dalla-dalla har da maimaitawa. Ƙaninsa shi ne Mai Haɗiyewa, wanda idan an cuce shi ba ya sanar da bankinsa da wuri, balle hukumar EFCC, sai ya ce ƙaddara ce, ya goge hirar da ita ce kaɗai shaidarsa.

Ɗan Ƙwaƙƙwafi ne ba a so a kasuwar, domin sai ya ga bidiyon kaya, ya gwada sunan asusu da na mai talla, ya zaɓi haɗuwa a bainar jama'a da rana, ya kunna waya ya jujjuya ta kafin ya biya. Masu gaskiya sukan jure masa da tsaki, 'yan damfara kuwa sukan toshe lambarsa tun bai tura ko kwabo ba.