Yadda Za Ka Zaɓi Takalmin Intabiyu Ba Tare da Ka Jinginar da Gonar Gado Ba

Na san ka riga ka ari kwat, mai guga ya yi nasa aikin, kuma ka sami wanda ya ɗaure maka nakatayal ka rataye ta a ƙusa don kada ta kwance. Saura ƙafa. Masu koyar da dabarun neman aiki a intanet sun dage cewa 'yan kwamiti takalminka suke fara kallo kafin fuskarka, saboda haka mu je zuwa.

Na ɗaya, baƙin Oxford. Shi ne sarkin sau-ciki: ɓangarorin da igiya ke ratsawa an ɗinke gindinsu, bakin ya haɗe tsaf. Ɗan'uwansa Derby nasa a buɗe suke, ya fi sakewa, amma an ce bai kai shi kwarjini ba. Matsalar ita ce an yanka Oxford ne don ƙafar da ta tashi a cikin safa. Ƙafar da ta girma a silifas da fade, ta buga ƙwallo a tsakuwa ba takalmi, yatsunta kowa ya kama gabansa, ba ta shiga sai da addu'a. In ka ga mai ƙananan huji-huji na ado a baki, wuce shi. Asalinsa na masu tafiya cikin fadamun Sikotilan da Ayalan ne, don ruwa ya riƙa fita. A Kano da hunturu ƙura ce za ta shiga, kuma ba fita za ta yi ba.

Na biyu, juya shi ka duba tafin. Na ƙwarai ɗinki ne, ba manni da gam ba. Ɗinkin Goodyear ake kiransa, kuma amfaninsa in tafi ya cinye a cire a sa sabo, takalmin ya yi ta shekaru. Garin Northampton na Ingila ne cibiyarsa; can kamfanin Church's yake tun 1873, na Crockett & Jones tun 1879. Kuɗinsu ɗaruruwan fam ne. Kai kuma alawus ɗinka na bautar ƙasa naira 77,000 ne, in ma ka riski ƙarin, mafi ƙarancin albashi kuwa 70,000 tun 2024. Wato sai ka sami aikin ka yi wata da watanni ba ci ba sha kafin ka sayi takalmin da zai sa a ɗauke ka aikin.

Abin da ke ƙona min rai ma, fata tamu ce. Tun zamanin fatake fatar jar akuyar Sakkwato ke ƙetare Sahara, Turawa su saya a hannun 'yan Maroko su laƙaba mata sunan Maroko. Yau ana jeme ta a Challawa da Sharada, a loda zuwa Italiya da Sifen, ta dawo mana jaka ko takalmi da farashin da zai sa mai akuyar ya sume. Dukawa na nan a cikin birni da basillarsu, amma ka sa aikin hannunsu ka shiga banki neman aiki, ka ga kallo.

Na uku, tunda mun gama mafarki, mu nufi gwanjon Ƙofar Wambai. Mai rumfa zai kaɗe shi da tsumma ya ce, "Yallaɓai, Italiyan ne, Bature sau ɗaya ya taka." Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma daga kasuwar Ariyariya ta Aba ya taso, aka buga masa tambarin Italiya don an san halinmu. Lamba kuwa kada ka dogara da ita: 42 na Turai shi ne kusan 8 na Ingila, kusan 9 na Amurka, shi kuma mai rumfa duk lambar da ka faɗa ita ce a hannunsa. Je da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, da safar da za ka sa ranar. In ya matse zai ce maka, "Ai fata ce, zai buɗe." Abin da zai buɗe shi ne bayan diddigenka.

Na huɗu ya kamata ya zama kan launin bel, amma bari mu yi maganar masallaci, don babu wani Bature mai ba da shawara da ya taɓa tunaninta. An ce ka zo ƙarfe tara, ba za a kira ka ba sai bayan la'asar. Alwala biyu ke nan: kwance igiya, tuɓe safa, tsayuwa da ƙafa ɗaya a bakin famfo kana tattare wandon aro. Sannan ina za ka ajiye shi? Masana sun kasu biyu. Wasu sun ce raba su, ɗaya a ƙofar kudu ɗaya a ta arewa, ɓarawo ba ya ɗaukar wari guda. Wasu sun ce sa a leda ka ajiye a gabanka. Ko wanne ka bi, liman na karatu zuciyarka na bakin ƙofa. Allah Ya yafe mana.

Shushaina: kira shi a ƙofar ma'aikatar, kada ka goge daga gida, don a cikin adaidaita sahu dole wani ya taka ka, kuma mai buhu ne.

To ka shiga. Tebur ne dogo an lulluɓe shi da ƙyalle har ƙasa, mutum biyar a bayansa, biyu na latsa waya. Ba wanda ya leƙa ƙafarka. Abin da suke nema takardar shaidar ƙaramar hukuma, da shekarun da ba su wuce 26 ba, da gogewar aiki ta shekara biyar. Daga ina, don Allah? Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, ban da na baya. Ana cikin haka wani yaro ya zo da hafshu duk ƙura, ko layi bai bi ba, masinja har da rusunawa, "Ranka ya daɗe, Oga na jiranka." Mai uwa a gindin murhu ko da silifas ɗin wanka ya zo za a ce yana da sauƙin kai. Mu kuwa aka ce, "Za mu neme ka," muka fito muna ɗingishi.

Na shida, ko na nawa ne ma, akwai wani katako mai siffar ƙafa da ake cusawa a ciki don kada fatar ta yamutse. Ka nema in kana da sauran kuɗi, ni dai jarida na cusa. Kuma in lambarka 43, kada ka wahalar da kanka zuwa kasuwa, akwai baƙin Oxford a wurina, haya ko sayarwa, filastar diddige kyauta.