Mutanen da Tudu Yake Tona wa Asiri

Wani yayi ya shigo duniyar masu keke wanda zai ba mutanen karkararmu dariya. Mutumin da gwamnati ta shimfiɗa wa kwalta har ƙofar gida, shi ne yake tara kuɗi, ya sayi keke na musamman, ya hau jirgi, ya tafi neman hanyar da ba kwalta: burji, tsakuwa, ramuka, taɓo. Abin da manomi yake yi duk ranar kasuwa a kan tsohon Phoenix ɗinsa yana tsine wa ɗan kwangila, shi wasu suka mayar abin nishaɗi, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fara shirya masa gasar duniya a Italiya a 2022. Keken nasu kansa lanƙwasasshe ne irin na 'yan tsere, sai dai tayar ta fi kauri, milimita 40 zuwa 50, ga ta da haƙora don ta kama ƙasa.

Wanda yake son ganin wannan jama'a a wuri ɗaya ya nufi yammacin Ruwanda. Akwai hanyar da ake kira Congo Nile, mai tsawon kilomita 227, wadda aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 2011. Tana bin gefen Tafkin Kivu daga Rubavu a arewa zuwa Rusizi a kudu, a gindin tsaunukan da suke raba ruwan sama gida biyu, wani ya gangara Kogin Kwango, wani ya nufi Nilu. Mai ƙafa kwana 10, mai keke kwana 5. Kwalta ta cinye yawancin ɓangaren kudu, don haka masu neman wahala ido rufe sun fi son tsakanin Rubavu da Karongi, inda hanya take kutsawa cikin gonakin ayaba, da gahawa, da bishiyoyin turare. Shimfiɗaɗɗen wuri kuwa, ban da saman tafkin, sai an tona. A otal kowa jarumi ne. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Tudu na uku ne yake fara kiran kowa da sunansa na yanka.

Na farko shi ne mai sikeli. Ya san nauyin kowane noti a jikin kekensa. Ƙirar kabon ce, kilo 8 da ɗoriya, kuma ɗoriyar nan tana hana shi barci. Ya yanke rabin mariƙin buroshin goge bakinsa, ya ɓamɓare takardar jikin gorar ruwa, ya bar sabulu a gida. In ka ɗaga keken ka ce "Kai, ba nauyi!" ka gama masa komai a duniya. Da dare kuma za ka same shi a bakin tafki ya tasa tsiren akuya tsinke biyar a gaba, da faranti cike da soyayyen sambaza, ƙananan kifin Kivu, yana ɗiga musu man barkonon Akabanga. Giram 200 da ya zubar da dukiya ya rage a jikin keke, ga kilo 15 nan zaune lafiya a ƙarƙashin rigarsa, ba wanda ya taɓa ɗora su a sikeli.

Amininsa shi ne malamin iska. Tayarsa ba tiyub a ciki, wani farin ruwa mai danƙo ake ɗurawa wanda yake toshe huda da kansa, kuma zai yi maka wannan bayani ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Kowace safiya sai ya tsuguna da ma'auni: ya rage iska don an yi yayyafi, ya ƙara don rana ta fito, ya sake ragewa don ya ga wani ya rage. In aka bar shi a baya a hawa, iska ce ta yi yawa. In ya sha ƙasa a gangara, iska ce ta yi kaɗan. Ƙafarsa dai ba ta taɓa laifi ba. Ranar da kaifin dutse ya tsarge gefen tayar, farin ruwan ya yi masa tsartuwa a fuska, sai ga malam a gindin bishiya gaban mai facin ƙauye, ana cusa masa tiyub irin na kowa, ana gwada iskar da babban yatsa.

Sai bawan na'ura. Wannan ya ɗaure ƙaramar kwamfuta a kan keke, tana zana masa layi, shi kuma ya yi mata mubaya'a. Ruwan Maris zuwa Mayu a ƙasar nan yana zaftare gefen tudu, ya tafi da gadar katako, taswira kuwa ba ta da labari. Wata dattijuwa da fartanya a kafaɗa za ta tsaya a mararraba tana kaɗa masa hannu, tana nuna masa ɗaya hanyar. Zai yi mata murmushin tausayi, ya nuna mata na'urar, ya wuce. Bayan rabin sa'a zai dawo saɓe da keken, jan taɓo har gwiwa, ganyen ayaba maƙale a hular kwano. Tana nan inda ya bar ta. Ba za ta ce uffan ba, hanyar ɗazu za ta sake nuna masa. Da yamma kuma, kowa ya sauka yana neman ruwan wanka, shi yana zagaye tsakar gidan baƙi, wai na'ura ta ce kilomita 59.6, kuma ba zai ɗora wannan abin kunya a manhajar Strava ba sai ya cika 60. Tafiyar da batir ya mutu a cikinta, a wurinsa, ba a yi ta ba.

Akwai wanda ni kam na ɗaure wa ƙarya gindi saboda shi: jagora mai "saura tudu ɗaya". A ƙasar da take yi wa kanta kirari da tuddai dubu, mutumin nan zai dubi tsabar idonka ya ce wannan ne na ƙarshe. Ka kai ƙololuwa kana haki, ka hango wani ya miƙe a gaba. "Wancan ai ba tudu ba ne, ɗan tashi ne." Ka haye ɗan tashin, sai ya ce masauki yana bayan kwanar can, kuma kwanar can tana da ƙanne bakwai. Amma da zai faɗi gaskiya tun da hantsi, rabin tawagar a bakin hanya za su zauna su ce a kira musu mota.

Mai kaya ya ji an ce daji, sai ya kwaso gida. Tanti, risho, tukunya, fitila uku, maganin cizon maciji, har da ɗan injin niƙa gahawa. Ledojin da ya ƙunshe su a ciki tun a filin jirgi aka raba shi da su, don Ruwanda ta haramta leda tun 2008. Abin da ya rage ya rataya a gaba, da baya, da tsakiyar keke. A Kinunu, inda ake wanke 'ya'yan gahawa a shanya su a kan gadaje a bakin tafki, zai zauna ya ciro ƙunshin gahawar da ya sayo da tsada a Turai. In ka karɓa ka juya bayan ƙunshin, kada ka yi mamaki in ka ga an rubuta Ruwanda.

Kishiyarsa mai singileti ne. Ya ji Afirka, ya ce zafi. Bai san tafkin kansa yana kan tsayin kusan mita 1,460 ba, balle a ratse zuwa kurmin Nyungwe, inda hanya take haura mita 2,000 cikin hazo. Ya zo da burin ganin birai iri 13 da gandun yake da su, sai ga shi biran ne suke zaune a gefen titi suna kallonsa yana karkarwa, sanye da rigar ruwan mai kaya.

Mai hoto ba ya ɗaukar lokacinmu, ko da yake yana ɗaukar na tawaga. Ya jingina keke a gonar shayi, ya ja baya, ya dawo ya gyara feda, ya shafa wa ƙwaurinsa ɗan taɓo. Mai batir kuma, wanda injin lantarki yake taya shi tuƙi, shi ne mai fito a tsakiyar hawa, yana tambayar masu haki ko sun lura da kyan tsuntsun can. Ana haƙuri da shi ne don an san la'asar tana zuwa, kuma keken da batirinsa ya ƙare ya fi na kowa nauyi.

A kowace tawaga akwai wata baiwar Allah, yawanci ta manyanta, wadda ba a lura da ita ranar farko. Kekenta tsoho ne, fentinsa ya koɗe. Da ta ga tudu sai ta sa giya mafi sauƙi, ta dinga juya ƙafa a hankali, tana ɓare ayaba. Samarin da suka fizga da sassafe suna tsere da juna, ɗaya bayan ɗaya take tarar da su a gindin bishiya, tana yi musu sannu tana wucewa. Ba ta taɓa zama ta farko a kan wani tudu ba, ba ta kuma taɓa sauka ta tura ba. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan ko daɗewar ba a yi.

Duk waɗannan baƙi ne. Mai hanyar shi ne ɗan dako na keke, irin waɗanda ake kira abanyonzi. Kekensa baƙi ne na ƙarfe, giya ɗaya tal, an ƙara wa kariyar rodi don ta ɗauki nauyi. Yau nonnan ayaba ne jibge har sun fi kansa tsawo, gobe buhunan gawayi ko dankali, jibi garewanin madara, ko fasinja da jaririnta. Silifa ce a ƙafarsa. Inda hawa ya yi tsanani sai ya sauka ya sa kafaɗa ya tura, a kan kwalta kuma wani ya kama bayan babbar mota ta ja shi, abin da yake da haɗari ƙwarai. A gangara zai wuce mai sikeli da malamin iska kamar an jefo shi, yana kaɗa ƙararrawa. In ya sauke kaya yana komawa fayau, nan ne abin yake zama cin fuska: zai jera da baƙo a tsakiyar tudu, ya dubi keken kabon, ya dubi mai shi, ya gaishe shi da ladabi, ya taka ya ɓace. Masu horar da 'yan tseren ƙasar sun daɗe da gane wannan, don daga cikin irin waɗannan samari aka samu wasu zakarun tseren Tour du Rwanda, kuma a 2025 Kigali ta zama birni na farko a Afirka da ya karɓi gasar tseren keke ta duniya a kan titi. Shi dai ɗan dako bai san yana wasan motsa jiki ba. Da za ka gaya masa kuɗin tayar baƙon nan guda ɗaya, sai ya ɗauka da keken kake nufi, har da kayan da ke kai.

Saura mai labari. A rana ta biyu gwiwarsa ta fara "wani irin abu", aka ɗora shi a bayan babur, kekensa a gicciye a kan cinya, daga baya ya ƙarasa wani yankin a jirgin ruwa yana cin gyaɗa. A Rusizi shi ya fara sayen rigar tunawa da tafiya. Da ya koma gida, tudun da ya tura keke a kai ya zama wanda ya haye a tsaye, yayyafi ya zama ambaliya, biri ɗaya ya zama garke. Bayan wata shida kilomita 227 ta kai 400. In wanda suka yi tafiyar tare ya yi gyaran murya ya ce, "To, babur ɗin fa?" ko gezau ba zai yi ba.

"Wane babur? Au, wannan yaron? Ai hanya ce ta ɓace masa, na hau in nuna masa."