Tiyon da Ke Jawo wa Akwatin Giya Zargi

Tsohuwar Mercedes 300D ƙirar W123 takan sauya giya da fizgar da ke sa fasinja gyaɗa kai ba tare da an tambaye shi komai ba, kuma bakanike mai gaggawa yakan yanke wa akwatin giya hukuncin kisa nan take. Sai dai injin dizal ba ya samar da zuƙar iska, wato ƙarfin tsotsa da ke sassauta matsin man giya lokacin sauyi, don haka wani famfo ne ke aiko ta ta siraran tiyo, waɗanda tsufa ke tsagawa. Mai haƙuri yakan duba man giya, sannan tiyon, musamman idan an zare makulli injin ya ci gaba da ruri, domin zuƙar ce ke kashe shi.