Lambar da Ta Ƙi Rabon Gado

Lambar 2,147,483,647 tana cikin jinsin da masana lissafi suka ware saboda rowa, wato lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, ta yadda duk wanda ya mutu ya bar wannan adadin shanu, alƙali zai tsufa kan buzu bai raba wa magada ba tare da saura ba. Ana samun ta ne idan an jera biyu sau 31 ana ninkawa, sannan a cire ɗaya, abin da ya sa ta shiga zuriyar da ake jingina wa Marin Mersenne na Faransa, kuma Leonhard Euler ne ya tabbatar da rowarta a 1772. Ita ce iyakar ƙidayar kwamfutoci da yawa masu gurbi 32, shi ya sa YouTube ya faɗaɗa ma'auninsa saboda waƙar Gangnam Style, wadda yawan kallonta ya zarce wannan adadi a 2014, domin lambar da ta gagari malamai ba ta gagari masu rawa ba.