Jinjina Ga Masu Tanadin Ilimin Naƙasassu a Ƙasar Gobir

Allah ya ja zamanin masu tsara ilimi, manyan alƙaluma, iyayen takarda, gagara-badau na ɗakin taro, waɗanda alkawarinsu ba ya tsufa domin ba a taɓa sa shi aiki ba! Ya kamata mutanen Burkusuma da Gatawa da Gangara da Isa su miƙe tsaye su yi godiya. Abin da manyan ƙasashe suka daɗe suna zubar da dukiya a kansa, wato daidaita yaro mai lafiya da naƙasasshe a makaranta, an kammala shi a gabashin Sakkwato ba a kashe ko sisi ba. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka sa aka rufe makarantu, makaho da mai ido matsayinsu ɗaya a gaban allo, babu wanda ya ga abin da aka rubuta. Kurma da mai ji sun yi kunnen doki, malamin da za a saurara ya kwashe iyalinsa ya koma birni. Da aka katse layukan waya a Sabon Birni da Isa a watan Satumbar 2021, adalcin ya kai ƙarshensa, kowa ya kara waya a kunne ya ji daidai abin da kurma yake ji.

Ta fuskar doka kuwa, sai dai a yi mana hassada. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A 2015 aka fitar da manufar ilimin masu buƙata ta musamman. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sarauniyar dokoki, wadda ta haramta wariya, ta ba naƙasasshe ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ware masa kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen hukuma wa'adin shekara 5 su gyara ƙofofinsu yadda keken guragu zai shiga. A 2020 aka kafa wa naƙasassu hukuma sukutum. Wa'adin nan ya cika a Janairun 2024 cikin natsuwa da kamala irin ta dattawa, bai tashi kowa daga barci ba. Da za a jera takardun nan a bakin aji, da sun isa a yi gangaren da keken gurgu zai hau. To amma wane marar tarbiyya ne zai yarda a taka doka da taya?

Sai batun kuɗi, inda kyautar ta fi ƙarfin bakin maroƙi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, a cikin wannan kuma aka yanka wa ilimin musamman kashi 2. Kashi biyu na kashi biyu, ranku ya daɗe! Naira 4 ke nan a cikin kowace naira 10,000, a raba wa jihohi 36 da Abuja. Kuma kuɗi ne masu kunya, 'ya'yan babban gida, ba sa yawon ƙauye a gan su. Tunda rabon ƙasar da ƙidaya tun 2006, duk yaron da ya isa shiga firamare yau an haife shi bayan an rufe littafi, don haka babu wanda zai iya cewa an manta da shi.

Masu ƙorafi, waɗanda ba a rasa su ko a gidan biki, suna cewa babu makaranta. Ga makarantar A. A. Raji a birnin Sakkwato, ta kurame da makafi da guragu, malamanta na iya bakin ƙoƙarinsu. Hikimar tana wajen wanda ya ga cewa ya isa a dasa ta a birni, inuwar giginya na nesa ka sha. Abin da ya rage wa uba a Burkusuma kaɗan ne: ya sayar da akuyar da ɓarayin daji suka rage masa, ya riƙo hannun ɗansa makaho, su yi tafiyar fiye da kilomita 100 ta Goronyo. A kan hanyar dawowa daga Sakkwato ne aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024, kuma bai dawo da rai ba. Hanyar da ba ta ga girman rawani ba, masu tsari sun tabbata za ta ga girman sandar makaho. Jikokin Bawa Jangwarzo ne, ai bai dace a raina musu jarumta da motar makaranta ba.

Amma gwarzon wannan tsari shi ne malamin ƙauye, inda aka yi sa'a ajinsa na buɗe. Tun 1977 akwai kwalejin horar da malaman ilimin musamman a Oyo, akwai kuma sashe guda a Jami'ar Bayero ta Kano, sai dai an tausaya wa malaminmu, ba a ɗora masa nauyin koyon rubutun makafi ko maganar hannu ba. An ba shi guntun alli da 'yancin ƙirƙira, ya kuwa ƙirƙiro. In ya lura yarinyar da ke bencin baya ba ta ji, sai ya ƙara ɗaga murya. Ita kuma ta dafa littafi a gwiwa tana zana haruffa ɗaya bayan ɗaya, rubutu tsaf abin sha'awa, ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Kowace shekara ana ciyar da ita gaba, ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ba a taɓa tambayar ta komai ba. Ina makarantar kuɗin da za ta yi alfahari da irin wannan sakamako?

Ga kuma yaron da shan inna ya taɓa, wanda ke zuwa da silifa a tafin hannu yana jan jiki cikin rairayi. Dakalin ajin ya kai gwiwar babba, sai abokansa biyu su kama shi, ɗaya a hammata ɗaya a ƙafa, su ajiye shi ciki. Darasin zumunci ke nan kullum safiya, ba a biya kowa alawus ba. Da yake ba zai iya shiga masai ba, tun asuba yake ƙin shan ruwa, ya riga sa'o'insa ƙwarewa a azumi. Ranar da aka ji ƙarar babura daga daji kowa ya yi ta kansa, shi yakan samu gatan da ɗan sarki bai samu ba, uwarsa ta goya shi tana gudu yana da shekara goma sha biyu.

Mutanen dā ba su kai mu wayewa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu takan tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye su kai karatu har tsakar gidan wadda ba ta iya zuwa, wahala dai ta marasa kwamiti. Malaman zaure sun fitar da makafi mahaddata Alƙur'ani da kunne kawai, suna tuna wa almajirai darajar sahabin nan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Mu mun wuce nan. Mun tanadar wa naƙasasshe sana'ar da ba ta neman takardar shaida, ofishinta tashar mota, kayan aikinta ƙoƙo, albashinta «Allah shi ba da haƙuri».

Kada a ce ba a tunawa da su. Kowace ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, ana kafa rumfa a birni, a jera kekuna da leda a jikinsu, a zaunar da yara a rana tun hantsi har babban baƙo ya iso bayan azahar. Ya dafa kafaɗar gurgu, ya dubi mai hoto, ya sanar cewa naƙasa ba kasawa ba ce, a yi tafi, kurame su ga hannuwa na motsi su ma su taya. Roƙonmu guda ne ga masu girma: taron bita na gaba kan ilimin yaran karkara a kai shi otal ɗin da ya fi na bara sanyi, a kuma zaɓi bene na uku, kada hayaniyar masu keke ta katse wa mai gabatar da ƙasida tunani.