Kati Ba Ya Jin Tsawa

Na san irin kallon da kuke yi mini. Ga tsadar kaya, ga zafi, ga wuta da ba ta zama, mutum ya rasa abin da zai kawo muku sai labarin wasu magidanta a Amurka da ke zaune a tebur suna jefa dayis irin na ludo, wai su besbol suke bugawa. To, ku gyara zama. Ku da kuke korar kocin Manchester United sau uku a mako daga kan bencin gidan kallo, ba ku da bakin yi wa kowa dariya. Ciwonku ɗaya da mutanen nan: da zarar ɗan wasa ya yi kwana biyu bai taɓuka komai ba, sai ku ce a ajiye shi. Bambancin kawai, su takarda suke yi wa fushi.

Wasan ba na jiya ba ne. A 1951 Dick Seitz ya fitar da APBA daga garin Lancaster na jihar Pennsylvania. A 1961 Hal Richman ya fito da nasa, Strat-O-Matic, wanda aka san masoyansa da yin layi cikin hunturu a bakin ofishin kamfanin da ke Glen Head ta jihar Niyok, ranar da sabbin katuna suka fito. Kowane ɗan wasa na gaske yana da katinsa, an gina shi a kan abin da ya yi a kakar da ta wuce. Kai ne koci, kai ke jera mutum tara da za su yi bugu, kai ke zaɓen mai jifa. Mai tambayar ko caca ce, ya kwantar da hankalinsa: wasan ba ya buƙatar a zuba ko sisi, ribarsa cika baki.

A Strat-O-Matic dayis uku ake jefawa, fari ɗaya, ja biyu. Farin shi ne alƙali. In ya nuna 1, 2 ko 3, katin mai bugu za a karanta. In ya nuna 4, 5 ko 6, sai a koma katin mai jifa. Jajayen kuma a haɗa su, daga 2 zuwa 12, su nuna layin da za a duba. A ce fari ya ba da 2, jajaye suka ba da 3 da 4. Sai ka sa yatsa a sahu na 2, ka gangaro layi na 7, abin da aka rubuta a nan shi ya faru: ko ya ci, ko an fitar da shi, ko ƙwallo ta tsallake katanga. Hanyoyin da dayis uku za su iya faɗuwa 216 ne, 108 na mai bugu, 108 na mai jifa. Ka ji fa, Alhaji. Rabin lokacin da kake zagin ɗan wasanka, yana can gefe ba a ko kalli katinsa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu ga Alhajin namu. Ya ɗauko mai bugu da katinsa ya ce yana ci sau 3 cikin 10, abin da 'yan besbol ke rubutawa .300, kuma duk wanda ya kai nan gwani ne. Mutumin ya tsaya bugu sau 10 a jere, bai ci ko ɗaya ba. Alhaji ya cire hula, ya shafa kai, ya ce katin nan ya yi sanyi, ya tura shi ƙasan kwali ya ɗauko wani. To bari mu yi lissafi, ba mai zafi ba ne. Wanda ke faɗuwa sau 7 cikin 10, yiwuwar ya faɗi sau 10 a jere kusan kashi 3 ce cikin 100. Kaɗan ce, na yarda. Amma kakar besbol wasa 162 ce, mai bugu na dindindin yakan tsaya sau 500 ko fiye. Ka yanka 500 ɗin nan goma-goma, ka sami yanki 50. Yiwuwar a sami aƙalla yanki ɗaya da ya fito fayau kusan uku ce cikin huɗu. Wato abin mamaki shi ne a ce irin wannan fari na rashin ci bai same shi ba.

Ko tsayuwa 100 ma ba ta isa shaida ba. Mai .300 na gaskiya, in aka ba shi 100, sau biyu cikin uku zai faɗo ne tsakanin .254 da .346, sauran ɗayan kuma ya fita waje da haka, ko sama ko ƙasa. Alhaji ya ga .250 ya ce rago ne. Maƙwabcinsa, da kati iri ɗaya sak, ya ga .350 ya ce ya tsinci dami a kala. Tawada ɗaya ce, ɗab'i ɗaya.

Na ji Malam can baya yana cewa, ai kowa ya san hannu na yin sanyi, ɗan wasa na shiga wani hali. Gaskiyarka, Malam, in mutum ne. Mutum yana da gwiwa mai ciwo, yana da rigimar gida, yana da shekaru. A 1951 Willie Mays ya shigo ƙungiyar New York Giants yana ɗan shekara 20, ya tsaya sau 12 bai ci ba. Na 13 ya aika ƙwallon Warren Spahn bayan katanga, sannan ya sake shiga fari. Yaron ya karaya, amma kocinsa Leo Durocher ya ƙi ajiye shi. A ƙarshen kakar shi aka ba kyautar gwarzon sabbin shiga, ya kuma yi ritaya da bugun tsallake katanga 660. Wannan mai jini ne a jika, mai zuciyar da za ta iya karyewa, amma haƙuri ya yi rana a kansa. Ina ga kati, wanda ba ya barci balle ya tashi da ɓacin rai? Ka ajiye shi mako guda don ya yi hankali, ka dawo ka tarar da abin da aka rubuta a layi na 7 yana nan yadda ka bar shi.

Kada ɗan'uwan Alhaji ya yi murmushi, wanda ke cewa shi ba zai cire nasa ba domin dayis ya ci masa bashi, yau dole ya biya. Ku biyun uwarku ɗaya ubanku ɗaya. Dayis ba ya riƙe littafin bashi. Jifa ta 11 ba ta san an yi ta 10 ba.

To kenan ba a ajiye kowa? Haba, Hajiya, wa ya ce haka? Ana ajiyewa mana, sai dai dalilin yana kan katin, ba a takardar sakamako ba. Abu na farko, ƙirga. Layukan ba nauyinsu ɗaya ba: 7 na fitowa ta hanya 6 cikin 36, 6 da 8 ta hanya biyar-biyar, 2 da 12 kuwa ta hanya ɗaya tak kowanne. Kati na iya cika ido da manyan bugu alhali duk a layin 2 da 12 suke zaune, wani kuma ba shi da kwarjini amma cinsa yana 6, 7 da 8. Ka tara na wanda ke fili, ka tara na wanda ke benci. In na benci ya fi, sa shi yau, ko da na filin jiya ya ci sau huɗu. Wannan ne wurin da zuciya ke gardama, domin cire mai tashe ya fi cire mai fari ciwo.

Sai hannun mai jifa. A ɗaya fuskar katin, ta ƙwararru, an raba abin da mutum yake yi da bahago da abin da yake yi da mai hannun dama. Akwai wanda zaki ne a gaban na dama, ya ga bahago ya zama abin tausayi. Irin wannan ba kora yake buƙata ba, abokin karɓa-karɓa yake buƙata. Sai tsaro: kowa da lambarsa, 1 shi ne gwani, lamba na hawa hannu na lalacewa. Mai tsaron da ke da 1 yana hana abokan hamayya ci a ɓoye, ko da bugunsa bai kai ya kawo ba, kuma masu gaggawa shi suke fara sallama domin ba sa ganin aikinsa a takarda.

Akwai kuma dokar da lig-lig da yawa na abokai ke kafawa, cewa ba za ka yi amfani da ɗan wasa fiye da kusan yadda ya buga a zahiri ba. Wanda ya tsaya sau 150 kacal a bara, ko da katinsa zinariya ne, ba zai kai ka ƙarshen kaka ba. Dole ka yi tattalinsa, ka ajiye shi ranar ƙananan wasanni. Wannan benci ne na dabara, ba na fushi ba.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi raba gwani da ɗan koyo. A lig ɗin da ake riƙe 'yan wasa daga shekara zuwa shekara, katin baɗi ana rubuta shi ne yanzu, a filayen gaske. Mutumin da ke ci maka wasa a tebur, in a zahiri ya tsufa ko ya karye yana jinya, katinsa na gaba ba zai yi kyau ba. Sayar da shi tun yana da farashi. Yaron da katinsa na bana abin kunya ne, amma a can yana ta ragargaza, riƙe shi da hannu biyu. 'Yan Fantasy na Firimiya, a nan ne kawai ƙwarewarku ta bin labarin rauni da tashe za ta yi aiki, don haka ku rage ɗaga kafaɗa.

Amma na san ku. Duk wannan lissafi zai bi iska daren da gwaninku ya tsaya sau biyar ya fita sau biyar, abokin hamayya yana kurɓar shayi yana tambayarku ko lafiya. Za ku sallame shi don ku huce. Shi kuwa abokin naku, da ya ƙirga katin tun kafin ku zauna, zai yi muku jaje, ya ce ai kun yi ƙoƙari da kuka jure shi har haka, sannan ya sa hannu ya ɗauke shi kyauta. Mako mai zuwa da shi zai lallasa ku, kuma ina roƙonku kada ku zo kuna ce mini canjin koci ne ya karɓe shi.