Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Akwatin Kiran Talotalo

Ranka ya daɗe Akwati,

Bayan gaisuwa, da fatan kana nan a bushe, don na san ba ka da wata lafiya da ta wuce wannan. Na rubuto ne a madadin maharban Amurka masu ɗawainiya da kai daga Maris zuwa Mayu, waɗanda kunya ta hana su faɗa maka gaskiya.

Mu fara da sana'arka. Kai ɗan akwatin katako ne, ko kamu ɗaya ba ka kai ba, da marfi mai mariƙi. A goga marfin a leɓenka, sai muryar macen talotalo ta fito. Namiji na can kan reshe da asuba, ya ji, ya amsa da kururuwa, ya sauko yana baza jela yana jan fiffike a ƙasa, ya nufo budurwar da babu ita. A al'adar talotalon daji mace ce ke zuwa inda namiji yake, amma kai sai ka sa dattijo da gemunsa ya zubar da girma ya biyo murya. Tun 1897 da Henry Gibson na jihar Arkansas ya yi maka rajistar ƙirƙira kake wannan ƙarya. Maharbinmu na nan da ke ɗaura kan burtu a goshi, shi aƙalla da gwiwarsa yake rarrafe, ya sha ƙaya. Kai kuwa kana kwance a aljihu.

To, mai irin wannan sana'a shi ne kuma ya fi amarya sharaɗi. Ba za ka yi magana ba sai an shafa maka alli a ƙarƙashin marfi. Allin ma ba kowane ba: na makaranta, ka ce akwai maiƙo a ciki, zai sa marfinka santsi. Yatsa bai isa ya taɓa leɓenka ba, wai gumin hannu na ɓata maka murya. Mutum ya ci soyayyen ƙwai kafin ya fito, sai ya wanke hannu domin kai, ba domin iyalinsa ba. Sanfefa kuwa haramun ce a leɓenka, don da an ɗan rage kaurinsa muryar ta tafi ke nan. Har ƙusar da ke riƙe da marfinka ba a murɗa ta da garaje.

Ƙanenka a sana'ar kira, faifan dutse, shi ma halinku ɗaya, sai dai shi gogewa yake so. A bi fuskarsa da koren soson wanke tukunya, layi ɗaya, gaba da baya, kada a zagaya. Idan na gilashi ne, sai an kawo masa dutsen guga na musamman. Bakin tsinken da ake karta shi da shi ma sai an kankare, an rufe faifan da marfinsa kafin a mayar aljihu.

Duk wannan za a iya jurewa, da ba ka iya cin amana ba. Yayyafi kaɗan ya sauko, katakonka ya sha danshi, allin ya zama kunu, namiji na amsawa nan kusa, kai kuwa ka yi gum. Shi ya sa ake naɗe ka a leda. Amma lokacin da maharbi ke sanɗa cikin duhu, ko numfashi ba ya son yi, a nan ne za ka yi ƙiii daga cikin aljihu, duk dajin ya san an zo. Sai an ɗaure maka baki da robar ɗaure kuɗi. A bar ka a mota cikin rana kuma, ka yi fushi ka kantare.

Roƙona bai da yawa: ka yi shiru idan ana tafiya, ka yi magana idan an zauna. In ka ƙi, ka sani akwai wani ɗan siririn abin kira na roba da maharbi ke maƙalawa a ganɗarsa. Ba ya neman alli, ruwan sama ba ya hana shi aiki, kuma yana barin hannu biyu a kan bindiga.

Wassalam.